Ranar da Inna Ta Lulluɓe Kwamfuta

A gidanmu na Kusada, tun ina ƙarami na san cewa bayan sallar la'asar ba a yin sallama da Baba, ba a kuma tambayar Inna inda ta ajiye ludayi. Lokacin karatu ne. Baba zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya miƙe ƙafa, ya buɗe jarida ko wani littafi. Inna kuma ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna daga gefe da faifai a cinya, tana tsintar wake ko gyaran kalwar da take yin daddawar sayarwa da ita. Shi yana karantawa da ƙarfi, ita tana saurare. Ba ta taɓa shiga ajin boko ba, amma ba a yi wani shugaba a duniya wanda ba ta da ra'ayi a kansa ba, kuma ba ta jira sai an tambaye ta. Yana tsakiyar magana za ta tare shi.

"Dakata, Malam. Wanga mutum ƙarya yake yi."

"To ki bari ya ƙare ƙaryar mana," in ji Baba, ya lashi yatsa ya juya shafi.

Haka na taso na same su. Haka na bar su na koma Kankia na buɗe shagon ɗinki, kuma duk ranar da na hau babur na je gida da yamma, haka nake tarar da su. Baba malamin gona ne kafin ya yi ritaya. Babu lungun da bai shiga ba tsakanin Dudunni da Boko da Fakuwa, yana faɗa da manoma a kan tazarar shuka. Mutum ne mai son a ji muryarsa, kuma gaskiya Allah ya ba shi muryar.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Aka canza gilashi, aka sake canzawa, har ya kai yana kai jarida dab da hancinsa kamar mai sansanar ta. Muka kai shi asibiti a Katsina. Likitan bai ɓoye mana komai ba, ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma zai ci gaba da raguwa, magani jinkirta shi kawai zai yi. Ya ce manyan haruffa masu haske Baba zai iya ganin su na wani lokaci, amma bai san tsawon lokacin ba.

Daga nan karatu ya tsaya. Tabarmar dai ana shimfiɗa ta, faifan ma ana ɗaukowa, amma su biyun sai su zauna shiru, ba ka jin komai sai ƙarar wake a kan faifai. Wannan shirun ya dame ni ƙwarai, na faɗa ba kunya. Wata rana na ɗauki jarida na ce bari in karanta musu. Ban yi nisa ba Baba ya gyara mini kalma biyu, ya miƙe ya ce zai je ya duba akuya. Inna ta dube ni ta ce, "Kai karatunka kamar ana korar ka." Na kawo musu rediyo, ta ce ita rediyo ba ta tsayawa idan an ce mata dakata. Baba kuwa da aka ce akwai waya mai karanta wa mutum rubutu, cewa ya yi shi ba a karanta masa, shi ke karantawa.

A cikin wannan hali autarmu ta zo hutu daga Kaduna, a tsakiyar bazara. Aikin kwamfuta take yi a can, amma da za a tsare ni da bulala a lokacin ba zan iya faɗin wane iri ba. Ita ce yarinyar da ta kwance rediyon Baba tana firamare ta baje kayan cikinta a kan tabarma, aka yi mata faɗa, washegari aka ji rediyon tana magana. Ba ta da yawan surutu. Idan tana tunani sai ta riƙa murza gefen mayafinta, kuma yammacin farko da ta ga su Baba zaune shiru, sai da ta kusa huda mayafin. Hutun nata gajere ne, irin wanda kafin ka gama gaishe-gaishe ya ƙare.

Akwai wata tsohuwar kwamfutar cinya da ta yi karatu da ita, tana cikin akwati a ɗakin Inna. Ta fito da ita ta kunna, ta ƙara girman rubutu ta ajiye gaban Baba. Ya ga haruffan, har ya karanta layi ɗaya, fuskarsa ta washe. Amma abin bai yi nisa ba. Kwamfutar nauyi gare ta kamar jakin da aka yi wa lodi, wasu 'yan akwatuna suna ta faɗowa suna tambayar abin da ba wanda ya tambaye su, 'yar kibiyar da ake nuni da ita kuma ta ɓace masa. Ya danna wani maɓalli bisa kuskure, rubutun ya tafi gaba ɗaya. Ya zauna yana lalube, ya ƙi kiran kowa, daga baya ya rufe ta a hankali ya ce a mayar da ita akwati.

"Ba laifin kwamfutar ba ne," in ji Auta da muka fito zaure. "Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ba a yi ta don shi ba. Zan gina masa tasa."

"Ke magina ce yanzu?" na ce. "In nemo miki bulo da siminti?"

"Ka nemo mini wurin da sabis ke da ƙarfi, Yaya. Shagonka."

A shagona na Kankia ta yini tana sauko da kaya daga intanet, ni ina ɗinki ina tsokanar ta. Na ce ai ni na ɗauka wannan babbar manhajar a cikin kwamfuta ake haifar ta. Ta ɗauki wata riga 'yar kanti da wani ya kawo a rage masa, ta ce irin wadda ke cikin kwamfutocin mutane ke nan, an ɗinka ta don kowa, saboda haka ba ta zauna wa kowa daidai. Sannan ta nuna yadin da ke kan teburina. Ta ce abin da take saukowa da shi yadi ne, ba riga ba. Rubutu ne zalla wanda mutane suka rubuta da hannunsu suka bar shi a fili don duk mai so ya ɗauka, kuma daga wannan rubutun na tushe ake yin kowace manhaja. Za ta ɗauki abin da Baba ke bukata kawai, ta bar sauran. Wannan na gane shi sarai, don sana'ata ce.

Abin da ban gane ba shi ne wa zai yi ɗinkin. Sai ta nuna mini wani rubutu da ita ta rubuta, bai fi 'yan shafuka ba. Ta ce sunansa sikirif, wato jerin umarni. Yi kaza, idan ka gama yi kaza, idan ka ga kaza tsaya. Mutum zai tashe shi sau ɗaya ya janye hannu, shi kuma ya bi aikin daki-daki har ya fito da cikakkiyar manhaja.

Na ajiye almakashi na zauna kusa da ita da ta yi gwajin farko, kuma tun daga ranar ban sake yi wa aikinta dariya da gaske ba. Fuskar kwamfutar baƙa ce, fararen layuka suna gudu sama. Tana yi mini bayani a hankali. Da farko jerin umarnin yana duba kowane ƙunshin rubutu da aka sauko da shi, ya tabbatar bai yanke a hanya ba. Sannan ya fara gina abin da ta kira tafinta, wato manhajar da ke juya rubutun mutane zuwa yaren da injin ke ji. To amma shi kansa tafintan rubutu ne, sai an fassara shi. Don haka ake aron wani tafinta ya yi aikin farko. Da sabon ya tsaya da ƙafarsa, sai jerin umarnin ya shige da shi wani wuri a cikin kwamfutar inda babu komai, ya rufe ƙofa ya bar na aro a waje, ya sa sabon ya sake gina kansa da kansa, don kada a sami ko ɓurɓushin baƙon abu a jikinsa. Sai bayan nan ake fara sauran, kowanne a kan wanda ya riga shi, har a kai ga zuciyar manhajar, wadda ke magana da allo da maɓallai da batir. Daga ƙarshe a ɗora ɗan abin da ke tashin kwamfutar idan an kunna ta.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ba ya rufa-rufa. Mu teloli mun san yadda ake cusa karkataccen ɗinki a cikin kalmasa mai riga bai gani ba. Shi wannan, da ya ci karo da kuskure sai ya tsaya cak, ya rubuta inda ya tsaya da dalilinsa. Ya tsaya mata sau da dama a shagon. Wani lokaci an manta wani ƙunshi, wani lokaci an sa na baya a gaba. Na lura duk sanda ya tsaya ba ta gyara wurin da hannu ta wuce, sai ta koma cikin jerin umarnin ta gyara a can. Na ce ai wannan ɓata lokaci ne.

"Idan na gyara da hannu, a kaina gyaran yake," ta ce. "Ni kuma nan da 'yan kwanaki ina Kaduna. Idan na gyara a cikinsa, ko ba na nan ya sani."

A ciki ta rubuta yadda za a yi wa Baba komai. Baƙin allo da haruffa ruwan ɗorawa, don su ya fi gani. Haruffanmu masu ƙugiya su fito daidai. Ba kibiya, ba akwatunan tambaya. Da an kunna sai rubutun ya buɗe a inda aka tsaya jiya. Maɓalli uku kawai ke aiki, na gaba, na baya, da na canza abin karantawa, sauran ko tafin hannu ya kifa a kansu ba abin da zai faru. Nan ne ni ma na sami abin yi. Na ɗauko maɓallan riga guda uku masu tudu na manna su da gam a kan waɗancan, don yatsansa ya gane su ba sai ya duba ba.

Gwaje-gwajen shago guntu-guntu ne. Ginin gaskiya daga tushe har sama yini guda yake ci a wannan tsohuwar kwamfuta, kuma wutar Kankia ba a ba ta amanar yini. A gida Kusada akwai sola, amma batirin ba ya kai ta nisa bayan faɗuwar rana. Dole a fara da sassafe a gama kafin rana ta tafi. Kwana biyu suka rage mata.

Da safe ta ajiye kwamfutar a kan ɗan tebur a ɗakin Inna, ta jona ta, ta tashi jerin umarnin. Akwai gaisuwar rasuwa da ake bin ta a Boko, wata gwaggonmu ta rasu a can lokacin Auta tana Kaduna, kuma ba yadda za ta koma ba ta je ba. Ni zan kai ta. Kafin mu fita Inna ta leƙo tana kallon layukan da ke gudu.

"To yanzu mi za a yi mata?"

"Ba komai, Inna," in ji Auta. "Kamar daddawarki ce. An haɗa komai, sai a ƙyale ta ta yi da kanta. Zuwa yamma ta nuna."

Inna ta gyaɗa kai irin na wadda aka yi wa magana a kan abin da ta fi kowa sani.

Mun daɗe a Boko, don gidan rasuwa ba a shiga a fito. Sai bayan azahar muka dawo. Auta ta wuce ɗakin kai tsaye, ina biye da ita. A kan teburin ba mu ga kwamfuta ba, sai wani tudu. Tsohon bargon Inna ne, an ninka shi biyu an lulluɓe, an ɗora buhu a sama, an cusa gefe da gefe tsaf yadda iska ba za ta sami ko ƙofar allura ba. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan lulluɓin. Haka Inna ke yi wa dafaffiyar kalwa idan ta zuba ta a masaki, don ta riƙe zafinta ta tashi.

Auta ta yaye bargon. Fuskar kwamfutar baƙa ƙirin, ba layi ko ɗaya. Ta taɓa ƙasanta ta janye hannu da sauri. Zafi ya yi mata yawa ta kashe kanta, aikin yini ya tafi.

Ni dariya ce ta fara ƙwace mini, har na dafa bango. Sai na juya na ga Inna tsaye a bakin ƙofa, dariyar ta maƙale.

"Ta nuna?" ta tambaya.

Ta dubi fuskar Auta, ta dubi bargon a ƙasa.

"Ke kinka ce kamar daddawa. Na ga iska na shigowa ta taga, na ce kada ta sha iska ta ƙi tashi." Muryarta ta yi ƙasa. "So nike ta yi kyau. Na gaji da zaman shirun ga."

Ban taɓa jin Inna ta ambaci abin ba sai ranar. Mu duka muna ta tausayin Baba da idonsa, ba wanda ya tsaya ya tuna cewa ita ma an ɗauke mata abin da ta saba da shi tun tana amarya.

Na zaci Auta za ta yi fushi, don aikin kwanaki ne a kanta kuma rana ɗaya ta rage. Sai ta durƙusa ta kama hannun Inna tana dariya, idonta cike da ƙwalla.

"Inna, lulluɓin nan ba wadda za ta yi shi da kyau kamarki. Ni ce ban ƙarasa magana ba. Ita wannan akasin daddawa ce, iska take so. Zafi ke kashe ta."

"To ba sai ki hwaɗi ba tun da sahe?"

Muka bar kwamfutar ta huce. Da Auta ta danna ta sai ta kawo haske. Ba ta ƙone ba. Amma jerin umarnin bai san inda ya tsaya ba, daga farko kawai ya iya farawa. Auta ta zauna a dandaryar ƙasa da ita a cinya tana murza mayafi, sannan ta shiga rubutu. Kafin magariba ta koya masa sabon hali. Duk matakin da ya gama sai ya ajiye alama, ta yadda ko an ɗauke wuta ko wani abu ya faru, idan an sake tashinsa zai tsallake abin da ya riga ya yi. Ta ce da ba don Inna ba da ba ta tuna da wannan ba, kuma gara ya faru tana nan. Na ga ta ƙara wani layi tana murmushi, na tambaye ta, ta ce gobe zan gani.

Washegari rana ta fito da fushi. Tun hantsi bango ya ɗauki zafi. Auta ta ɗora kwamfutar a kan bulo biyu don iska ta riƙa bi ta ƙasa, ta tashi jerin umarnin. Kafin layuka su fara gudu sai wani rubutu ya fito da manyan haruffa. Na karanta wa Inna: "Inna, don Allah kada ki lulluɓe ni."

"Ɗiyar ga ba ta da kunya," in ji Inna, ta fita.

Da rana ta take, 'yar fankar da ke cikin kwamfutar ta fara kuka kamar za ta fito. Auta tana kai hannu tana taɓa jikinta, na ga damuwa a fuskarta. Ko ba bargo, zafin ranar kaɗai zai iya kashe ta, kuma aikin da ya fi tsawo, ginin zuciyar, idan ya yanke a tsakiya daga farkonsa za a sake. Fankar ɗaki kuwa ba a isa a kunna ba, batirin ba zai ɗauki biyun ba.

Sai ga Inna ta dawo da kujerarta 'yar tsugunno da mafici. Ta zauna gaban teburin, ta fara yi wa kwamfutar fifita.

Na ce, "Inna, kawo in karɓe ki."

"Kai hannunka gaggawa gare shi. Tahi can."

Haka ta zauna. Idan hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Zufa na bin wuyanta, ba ta yi wa kanta fifita ko sau ɗaya ba. Ba ta iya karanta ko harafi a cikin abin da ke gudu, amma idonta na kai, kuma idan layukan suka ɗan tsaya sai ta ƙara sauri. Sallar azahar ce kawai ta tashe ta, shi ma sai da ta damƙa mini maficin ta tsaya ta ga yadda nake yi, ta gyara mini hannu. Baba kuwa ya ce shi ba ruwansa da wannan shirme, amma ranar ban san sau nawa akuya ta bukaci a duba ta ba, kuma hanyar turken sai ta bi ta ƙofar ɗakin.

"Har yanzu?" zai tambaya yana kallon wani wuri.

"Har yanzu, Baba."

Ana kiran la'asar layukan suka tsaya. Wannan karon ba kuskure ba ne, ya rubuta cewa ya gama. Auta ta ce mu je mu yi salla tukuna, ina jin tsoro take ji. Da muka dawo ta kashe kwamfutar, ta zare filas, ɗan abin ajiyar bayanan da aka yi aikin da shi, ta ɗauke ta ta kai gindin darbejiya ta ajiye a kan matashi gaban Baba. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan abin kunnawa, ta janye hannunta.

Kafin ya gyara zama rubutu ya cika allon, ruwan ɗorawa a kan baƙi, kowane harafi ya kai babban yatsa. Labarin manoma ne da ta sauko da shi, a kan tsadar taki. Baba ya matso. Ya yi gyaran murya. Yatsansa ya lalubo maɓallin rigar da na manna. Ya fara a hankali, muryar tana ɗan rawa, layi na biyu ta daidaita, layi na uku ta koma muryar da na sani tun ina yaro.

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da faifai da wake, ta zauna a wurinta, hannun da ya yini yana fifita yana karkarwa a kan faifan. Ni da Auta muka tsaya a bakin zaure kamar baƙi. Baba ya kai wurin da wani jami'i ke cewa taki ya wadata a ko'ina.

"Dakata, Malam," in ji Inna. "Wanga mutum ƙarya yake yi."

Auta ta juya ta fita waje da sauri. Na bi ta na same ta ta rufe fuska da mayafi. Na so in tsokane ta, bakina ya ƙi. Na ce mata Allah ya yi mata albarka, kuma ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da ita ranar ba. Da safe na kai ta tasha a Kankia. Ta ba ni filas ɗin ta ce in adana shi, yadin da jerin umarnin duk suna ciki.

Tun daga lokacin take turo mini labarai a waya, ni in juye su in kai Kusada. Abin da likita ya faɗa kuma bai fasa ba. Bayan an yi girbi Baba ya fara matsowa kusa da allon. Na kira Auta, ta ce in buɗe jerin umarnin in nemi wani layi da ta rubuta wa bayani da Hausa a samansa, in ƙara lambar da ke gabansa, in tashe shi. Na yi yadda ta ce. Ya tsallake duk abin da ya riga ya gina, ya sake ɗinka ƙarshen kawai, haruffa suka fito sun ƙara girma. Da damina ta zagayo tsohuwar kwamfutar ta mutu murus. Na samo wata tsohuwar irinta a hannun wani mai gyara, na cire maɓallan rigata na mayar kanta, na soka filas da sassafe. Auta tana Kaduna a wurin aiki, wayarta ma a kashe. Jerin umarnin ya duba kayansa, ya ari tafinta, ya gina nasa, ya rufe ƙofa, ya bi aikin har sama shi kaɗai, da duk gyare-gyaren da ta ƙi yi da hannu a shagona. Da roƙon nan na kada a lulluɓe ta ya fito na karanta wa Inna, ta yi tsaki ta ɗauko maficinta, ko da yake ranar akwai sanyin ruwa.

Na ƙara lambar nan sau da yawa tun daga lokacin. Da farko layuka da dama ke fitowa a allon, suka koma biyu, suka koma ɗaya. Yanzu kalma ɗaya ce ke cika shi daga gefe zuwa gefe, kuma Auta ta gaya mini babu sauran wurin ƙari.

Makon jiya na je da yamma na tsaya a zaure ban yi sallama ba. Baba ya kai fuskarsa dab da hasken. Ya karanta kalma ɗaya, ya danna maɓallin riga, ya jira idonsa ya tattaro ta gaba, ya karanta. Labarin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu la'asar guda ba ta isar sa. Inna tana gefe da faifanta. Ita da ba ta taɓa barin sa ya kai ƙarshen magana ba, yanzu ba ta tare shi. Idan ya yi shiru yana neman kalma sai hannunta ya tsaya a cikin waken, ta jira, sai ya faɗe ta sannan ta ci gaba da tsinta.